Hasumiyoyin Bakin Teku da Ba Su Taɓa Ganin Abokin Gaba Ba: Asara Ce ko Riga-kafi?

Baban Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hotuna nan na ɗora. Waɗannan hasumiyoyin kankare a gaɓar tekun jihar Delaware suke, nan Amurka. Zagayayyu ne, dogaye, ba su da tagar kirki sai wasu tsagogi a kwance can sama masu fuskantar ruwa. Guda 11 ne a jere a gaɓar Delaware, an kuma gina 4 a tsallaken mashigin, a New Jersey, inda biyu suka rage. Rundunar sojan Amurka ce ta sa aka gina su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin saita manyan igwoyin sansanin Fort Miles da ke Cape Henlopen. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, har aka gama yaƙin igwoyin nan ba su harbi jirgin abokan gaba ko ɗaya ba. To ina amfanin wannan wahala? Masana a taimaka.

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam Yaya. A saman hasumiyar ake ɗora igwar kenan?

Baba Saje: A'a ɗana. Igwar da ake magana faɗin bakinta inci 16 ne, bututunta kaɗai ya haura tan 100, harsashinta guda ɗaya ya kai tan ɗaya. Wace hasumiya za ta ɗauke ta? A ƙasa take, cikin ɗakin kankare mai kauri da aka lulluɓe da yashi. Hasumiya ido ce kawai. Mu da muka yi aikin atilare mun sani, wanda yake harba igwa ba kasafai yake ganin abin da yake harbi ba. Wani ne can gaba yake gani, ya faɗa ta waya, a yi lissafi, a ba mai igwa lamba biyu: juya ta kaza, ɗaga bakinta kaza. Igwar Fort Miles tana jefa harsashi kimanin kilomita 40. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa kuwa bai ganin abin da ya wuce kilomita 5 a fuskar teku.

Autan Hajiya: Baba, ko da madubin hangen nesa?

Malam Safiyo: Ko da shi, Auta. Ba ƙarfin ido ne matsalar ba, doron duniya ne yake lanƙwashewa ya ɓoye jirgin. Maganin abin sai hawa sama. In idonka yana mita 25 daga fuskar ruwa, hangenka zai kai kusan kilomita 18. In jirgin yana da doguwar hasumiya ta kansa mai mita 30, za ka fara hango ƙololuwarta tun yana wajen kilomita 37. Gaɓar Delaware shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ne zalla, babu dutse babu tsauni, shi ya sa dole aka gina abin hawa. Inda Allah ya hore tsauni a bakin teku, ɗan ɗaki ake haƙawa a jikinsa a wuce wurin.

Amma tsayi rabin labarin ne. Dalilin da ya sa suke da yawa, a jere, shi ne ainihin hikimar, kuma aikinmu ne na safiyo tsantsa. Ka rufe ido ɗaya ka gwada zura zare a allura, za ka ga ka kasa gane nisa. Hasumiya ɗaya ido ɗaya ce: tana gaya maka ta wace fuska jirgi yake, ba ta gaya maka nisansa daidai. In sun zama biyu, kuma an auna tazarar da ke tsakaninsu tun farko har zuwa taku, sai kowacce ta auna kusurwar da take ganin jirgin. Ka samu alwatika kenan wadda ka san gindinta da kusurwoyinta biyu. Inda layukan biyu suka haɗu, nan jirgin yake.

Misali, a ce tazarar kilomita 8 ce, kowace hasumiya ta karanta digiri 75 daga layin da ya haɗa su. Jirgin yana kusan kilomita 15 daga gaɓa. Yanzu a ce ɗaya ya yi kuskure ya karanta 76. Lissafin zai tura jirgin gaba da fiye da mita 500. Digiri ɗaya tak! Shi ya sa na'urar da suke leƙawa ta tsagar nan tana karanta har kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, kuma a kan ginshiƙin kankare ake kafe ta don kada ta motsa.

Baba Saje: Allah ya ƙara basira Malam. Bari in ɗora a kai, don jirgi ba tsayawa yake yi yana jiran a auna shi ba. Jirgin yaƙi mai gudun kilomita 37 a awa yana cin mita 600 cikin minti ɗaya, harsashin kuma in nisan ya yi yawa yakan fi minti ɗaya a sama. In ka harba inda ka gan shi, ruwa ka harba. Saboda haka akwai ƙararrawa da aka haɗa da waya, tana bugawa lokaci ɗaya a duk hasumiyoyin da ɗakin lissafi da wurin igwa, yawanci duk bayan daƙiƙa 20. Soja ɗaya idonsa na kan madubi yana bin jirgin, ɗaya yana gefe da tarho a kunne. Ƙararrawa na bugawa, mai madubi ya tsaya cak, mai tarho ya karanta lamba. A ɗakin lissafi akwai babban tebur mai hannaye biyu na ƙarfe, kowane hannu yana wakiltar hasumiya ɗaya. A juya su zuwa lambobin da aka ji, a ɗiga fensir inda suka gitta. Bayan ɗigo uku ko huɗu an ga hanyar jirgin da saurinsa, sai a ɗiga inda zai kasance lokacin da harsashi zai sauka. Daga nan a gyara saboda iska, da zafin albarushi, da cikar teku ko janyewarta, har da juyawar duniya in harbin mai nisa ne. Duk wannan da hannu da ƙwaƙwalwa, kafin ƙararrawa ta sake bugawa. Ni wannan horon ne yake burge ni fiye da girman igwar.

Autan Hajiya: Na gamsu da hikimar, Baba. Amma tambayar Yaya tana nan. An yi lissafi mai kyau, an zuba kankare, ba a harbi kowa ba. Kuma ba wai Jamus ba ta zo ba ne. Ta zo, ta ƙarƙashin ruwa. Daga Janairun 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka yi ta nutsar da tankokin mai da jiragen kaya a gaɓar gabashin Amurka, mutane na tsaye a bakin ruwa suna kallon hayaƙi. Ranar 28 ga Fabrairun 1942 aka nutsar da jirgin yaƙin Amurka mai suna Jacob Jones a kusa da Cape May, wato a ƙofar gidan waɗannan hasumiyoyi, mutum 11 kacal suka rayu. Me igwa mai inci 16 ta yi? Da kuɗin nan an sayi ƙananan jiragen rakiya da jiragen sama na sintiri, da an ceci rayuka. Abin da ya rage ɓarnar ma shi ne da aka fara tafiyar da jirage a ayari da rakiya wajen watan Mayu, aka kuma rage hasken fitilun garuruwan bakin teku da ke tona asirin jirage da dare.

Malama Maman Sadiq: Auta, abin da ka faɗa game da 1942 gaskiya ne, amma kana yi wa mutanen 1940 hukunci da abin da sai daga baya aka gani. Ka tsaya a watan Yunin 1940. Faransa ta faɗi cikin mako shida. Birtaniya ta rage ita kaɗai, kuma a Washington ana tsoron in ta faɗi, rundunar ruwanta ko dai ta nutse ko ta faɗa hannun Hitler. Jamus tana gab da ƙaddamar da babban jirgin yaƙinta Bismarck, tana kuma gina wani irinsa, Tirpitz. A cikin mashigin Delaware akwai ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi ta Filadelfiya, da matatun mai, da masana'antun sinadarai na yankin Wilmington. Wane shugaba ne zai bar wannan ƙofa a buɗe? Kuma sansani irin wannan ba a gina shi cikin wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Autan Hajiya: To ai Anti an nutsar da Bismarck tun Mayun 1941. Me ya hana a dakatar da aikin?

Malama Maman Sadiq: Tirpitz tana nan har Nuwamban 1944. Kuma a gaskiya an dakatar da wasu. Da yaƙi ya juya, daga cikin igwoyin inci 16 da aka tsara kafawa a gaɓoɓin Amurka an soke wasu, wasu an bar su rabi. Ba makanta suka yi ba gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram: Ku ba ni dama in shigo, don ana magana kamar igwar bakin teku ba ta taɓa aiki ba. Ranar 9 ga Afrilun 1940 Jamus ta aika sabon jirgin yaƙinta Blücher ya shiga mashigin Oslo da sojoji da jami'an da za su karɓe mulkin Norway. A matsatsin Drøbak akwai tsohon sansani, Oscarsborg, da igwoyin kamfanin Krupp na shekarun 1890. Kwamandansa, Kanar Birger Eriksen, ya ba da umarnin harbi ba tare da ya jira izini daga sama ba. Harsashi biyu suka sami jirgin, sannan aka ƙarasa shi da tsofaffin nakiyoyin ruwa da aka harba daga gaɓa. Wannan jinkirin ne ya ba Sarki Haakon da gwamnati da majalisa damar fita daga Oslo, har da zinaren baitulmali. Kuma mu dawo nahiyarmu: daga 23 zuwa 25 ga Satumban 1940 Birtaniya da Janar de Gaulle suka zo da manyan jirage su karɓi Dakar daga hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus. Igwoyin gaɓa, har da na tsibirin Gorée, da jirgin yaƙin Faransa Richelieu da ke cikin tasha, suka mayar da wuta, ga hazo ya rufe teku. Kwana uku suka juya ba su samu komai ba. Har yau igwa tana nan a saman Gorée, duk wanda ya je ya ganta.

Baba Saje: Madalla. A ƙara da tsibirin Wake a tekun Pasifik, 11 ga Disambar 1941, inda igwoyin Amurka masu inci 5 kawai suka nutsar da jirgin Japan mai suna Hayate, harin farko ya watse. Mai jirgi yana tsoron igwar gaɓa saboda ita a ƙasa take daram, an auna mata ruwan tun kafin ya zo, shi kuwa yana rangaji a kan igiya. Wannan tsoron shi ne aikin. Sansanin da aka ji tsoronsa aka ƙi zuwa, ba za ka ce bai yi aiki ba.

Autan Hajiya: Baba, da girmamawa, nan ne ban yarda ba. Wa ya ce tsoron Fort Miles ne ya hana Jamus zuwa? Nisa ne ya hana ta, da rundunar ruwan Birtaniya, da rashin mai. Ko babu hasumiya ko ɗaya a Delaware, Tirpitz ba za ta ƙetare Atilantika ba. Kuma Wake ɗin ma ai ta faɗi ranar 23 ga Disamba. Singafo fa? Birtaniya na da manyan igwoyi inci 15 a can, amma Japan ta biyo ta daji ta baya a Fabrairun 1942.

Baba Saje: Ka faɗi abin dubawa ɗana, ban ƙi ba. Sai dai ka lura, ta baya ta biyo. Me ya hana ta zuwa ta gaba? Kuma yawancin igwoyin Singafo suna iya juyawa su harbi tudu, sun ma harba. Matsalar, harsasan da aka tara na huda ƙarfen jirgi ne, ba na tarwatsa sojan ƙasa ba. Laifin masu tsarawa ne, ba na igwa ba.

Ɗan Damagaram: Raunin tsarin da na fi gani shi ne waya. A Longues-sur-Mer, a gaɓar Normandi, Jamusawa sun kafa igwoyi huɗu masu milimita 150, ɗakin hangen kuma yana gaba da su kimanin mita 300 a bakin gangare. Ruwan bama-baman da aka yi kafin 6 ga Yunin 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka Normandi, bai rusa igwoyin ba, amma ya lalata wayoyin da ke tsakani. Sun yi harbi a ranar, ba su nutsar da ko jirgi ɗaya ba, washegari suka miƙa wuya. In aka raba ido da hannu, an gama.

Malam Safiyo: Haka ne. Ka ƙara da dare, da hazo, da hayaƙin da jirgi ke saki da gangan. Akwai kuma wata matsalar da duk safiyo ya sani: dole hasumiyoyin biyu su tabbata jirgi ɗaya suke kallo. In ayari ne na jirage goma masu kama da juna, wannan ya kalli na uku, wancan ya kalli na huɗu, layukan za su haɗu a inda babu komai. Shi ya sa da na'urar rada ta zo, ta auna nisa da kusurwa daga wuri ɗaya, dare da rana, sai kasuwar hasumiya ta fara faɗuwa tun yaƙin bai ƙare ba. Jirgin sama ya ƙarasa ta. Bayan yaƙi aka yanka igwoyin aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, a 1950 kuma Amurka ta rushe rundunar atilaren gaɓar teku baki ɗaya.

Baban Ikram: Abin da sansanin ya gani da idonsa na Jamus shi ne jirgin ƙarƙashin teku U-858, wanda ya miƙa wuya aka kawo shi nan a Mayun 1945, aka sauke ma'aikatansa a matsayin fursunoni. A 1964 aka ba jihar wani ɓangare na filin ya zama wurin shaƙatawa na Cape Henlopen. Hasumiya ta 7 a buɗe take, ana hawa. Ta 23 da ke Cape May an gyara ta an buɗe a 2009. Biyu kuma, ta 5 da ta 6, teku ta ci gaɓar har ruwa yana dukan gindinsu in ya cika. Ana cewa don shekara 20 aka gina su, ga shi sun haura 80.

Malama Maman Sadiq: Tunda an zo maganar adanawa, akwai abin da ba zan bari ya wuce ba. Na Delaware 'yan kwangila ne suka gina, aka biya leburori. Akwai wasu hasumiyoyin masu aiki iri ɗaya da labarinsu ya sha bamban. Tsibiran Jersey da Guernsey da Alderney, da ke ƙarƙashin sarautar Ingila amma suna dab da Faransa, Jamus ta mamaye su daga tsakiyar 1940 zuwa Mayun 1945. A Oktoban 1941 Hitler ya ba da umarnin a mayar da su sansanin da ba ya ciwuwa. A Jersey an tsara hasumiyoyin hange 9, aka gama 3: Noirmont, La Corbière da Les Landes. Kowane bene yana da tsagarsa, an yi nufin ya yi wa rukunin igwoyi daban aiki. A Guernsey akwai rukunin Mirus, igwoyi huɗu masu santimita 30.5 da asalinsu na wani tsohon jirgin yaƙin Rasha ne.

Wa ya ɗauki simintin da tsakuwar katangun tsibiran nan? Hukumar gine-ginen Nazi, Organisation Todt, ta kawo dubban mutane. Wasu an ɗauke su aiki da albashi, amma da yawa na tilas ne: 'yan Tarayyar Sobiyet da aka kamo, 'yan Sifaniya da suka gudu daga mulkin Janar Franco, Yahudawa, da 'yan Aljeriya da Maroko da aka kwaso daga Faransa. Yunwa da duka da sanyi. A Alderney har sansanin gwale-gwale na SS, dakarun musamman na Nazi, aka kafa. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, ya ce waɗanda suka mutu a Alderney kaɗai tsakanin 641 ne da 1,027. Bayan duk wannan, da sojojin ƙawance suka sauka Normandi sai suka kewaye tsibiran suka wuce. Aka bar sojan Jamus da mutanen gari cikin yunwa, har sai da jirgin agaji na Red Cross mai suna Vega ya kawo abinci a Disambar 1944. In asara ake nema, Auta, ga ta nan, kuma ta rai ce.

Autan Hajiya: Innalillahi. Anti, waɗannan kam rushe su ya kamata a yi.

Malama Maman Sadiq: Ni ba na goyon bayan rushewa. In aka rushe, shaidar ta tafi, gobe wani ya ce ba a yi ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake amfani da su. Ta La Corbière ta yi shekaru tana aikin rediyon kula da jiragen ruwa, wannan na fahimta, ceton rai ne. Yanzu kuwa an mayar da ita masauki, mutane suna kama haya su kwana su kalli faɗuwar rana. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba.

Ɗan Damagaram: Hajiya, kuɗin hayar ne ake gyara ginin da shi, in ba haka ba gishirin teku zai cinye rodin ya farfasa kankaren. Ginin da ba a shiga mutuwa yake yi. Ni sharaɗina ɗaya ne: duk wanda zai kwana a ciki ya tarar da labarin waɗanda suka yi aikin tilas a tsibirin a rubuce a ƙofa, da ƙasashen da aka kwaso su.

Malama Maman Sadiq: Rubutu a ƙofa bai isa ba Malam, in mutum da niyyar hutu ya zo. Amma ya fi babu.

Baba Saje: Ni ina tare da Malama a nan. Wurin da aka zubar da hawaye, a bar shi wurin ziyara da addu'a da koyarwa. Na Delaware kuwa a kai yara su hau, a nuna musu teburin lissafin.

Abban Walid: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kullum ɗalibai suna tambaya ina amfanin kusurwa da alwatika. Malam Safiyo, ranka ya daɗe, za a iya gwada wannan a filin makaranta ba tare da kayan aiki masu tsada ba?

Malam Safiyo: Sosai ma kuwa, Malam. Ka kafa turaku biyu a gefen filin ƙwallo, ka auna mita 50 tsakaninsu da tef. A kan kowane turke ka ɗora kujera ko tebur, ka manna takarda da ma'aunin kusurwa, layin sifirinsa yana kallon ɗaya turken daidai. Ka ba kowane rukuni rula su riƙa saito da ita. Yaro ɗaya ya zama jirgi, ya riƙa tafiya a hankali a miƙe can cikin fili. Wani ya riƙe agogo da usur, ya busa duk bayan daƙiƙa 20. Da an busa, jirgi ya ajiye dutse inda ƙafarsa take ya ci gaba da tafiya, masu turaku su karanta kusurwa su faɗa da ƙarfi. Rukuni na uku suna zaune da takarda mai layin santimita 10, wato kowace santimita mita 5 ce, suna zana kusurwoyin suna ɗiga inda suka haɗu. In wannan ya ce 70 wancan ya ce 60, jirgin yana kimanin mita 53 daga layin turakun. Bayan ɗigo uku ka ce su faɗi inda zai kasance a usur na biyar, a tura yaro ya kafa tuta a wurin, a ga ko za su haɗu. A ƙarshe ku bi duwatsun da tef ku gwada da ɗigon takarda. Ka zaɓi turakun su yi nesa da juna gwargwadon hali, kuma kada jirgin ya matso kusa da layinsu, don a nan ne kuskure ya fi yawa.